Shekarar Jubili: Wa Ake Busa wa Ƙaho?

Duk ƙarshen shekara, in ka ratsa Sabon Gari ko Samaru ko hanyar Wusasa a nan Zariya, da wuya ka rasa ƙyallen sanarwar wani taron addu'a da aka yi wa taken jubili. A irin wannan taro mai wa'azi kan ce bana shekarar jubilinka ce, bashinka zai biya, abin da maƙiya suka ƙwace zai dawo, ikilisiya ta amsa da babbar murya. Wasu kuma ba su san jubili ba sai a matsayin bikin cika shekara 25 ko 50, na aure ko na kafa majami'a, da anko da shinkafa. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutumin da bashi ya hana barci yana da ikon ya roƙi Ubangiji mafita. Damuwata ita ce mun juya maganar baibai. A Littafi Mai Tsarki, dokar jubili ba matalauci aka fi yi wa ita ba. Wanda aka kira da suna shi ne mai riƙe da gonar wani, da mai bin bashi, da ubangidan da ɗan wani yake yi wa bauta. Shi aka ce ya buɗe hannu.

Dokar tana cikin Littafin Firistoci sura 25. An fara da cewa duk shekara ta 7 ƙasa za ta huta, ba shuka, ba girbi, sai gyauron da ya fito don kansa, wanda mai gona da barorinsa da baƙo da dabbobi za su ci tare. Sai a ƙirga irin wannan bakwai sau bakwai, shekara 49 ke nan. A rana ta 10 ga wata na 7, wato Ranar Kafara, a busa ƙaho a faɗin ƙasar, a keɓe shekara ta 50, a yi shelar 'yanci ga dukan mazauna. Kowa ya koma gādonsa, kowa ya koma cikin danginsa. A lura da ranar da aka zaɓa. Ranar da babban firist yake shiga wuri mafi tsarki don neman gafarar zunubin al'umma, ita ce ranar da ake sakin gonaki da bayi. Mutum ba zai fito daga wurin da Allah ya yafe masa ba ya je ya ci gaba da shaƙe ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a surar shi ne yadda ta san hanyar da talauci yake bi. Sau da dama tana buɗe magana da cewa idan ɗan'uwanka ya talauce, kuma kowane karo mutumin ya ƙara gangarawa. A aya 25 ya sayar da wani yanki na gonarsa. Nan doka ta ce danginsa na kusa ya zo ya fanso ta, in kuwa shi kansa ya samu hali daga baya, ya lissafa shekarun da mai sayen ya ci, ya biya ragowar, ya karɓi abinsa. A aya 35 ya kasa riƙe kansa gaba ɗaya, sai aka ce ka tallafe shi, kada ka karɓi ruwa a kan kuɗin da ka ba shi, kada ka ci riba a kan abincin da ka ranta masa. A aya 39 ya rasa komai sai jikinsa, ya sayar maka da kansa. Aka ce kada ka mai da shi bawa, ka ɗauke shi kamar ɗan ƙodago har jubili, sannan ya fita shi da 'ya'yansa. A aya 47 abin ya kai ga ya faɗa hannun baƙo mai dukiya, nan ma ɗan'uwa ko baffa ko ɗan baffa yana da ikon fansarsa. Wanda ya taɓa ganin yadda gida yake rushewa a ƙauye zai gane wannan jerin. Da farko akuya ce take tafiya kasuwar Giwa, sai shanun huɗa, sai gonar fadama, daga ƙarshe a tura yarinya aikatau birni.

Dalilin dokar yana aya 23, inda Ubangiji ya ce ba za a sayar da ƙasa din-din-din ba, domin ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne masu zama a wurinsa. Saboda haka a Isra'ila ba gona ake saya ba, yawan girbi ake saya. Ayoyi 15 da 16 sun bayyana shi filla-filla. In saura shekara 40 a yi jubili, kuɗin gona ya yi sama, in saura 5 ya faɗi, domin kaka 5 kaɗai mai sayen zai ci. Mu a Nijeriya mun san wani abu mai kama da wannan a takarda, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Bambancin shi ne a Firistoci mai ƙasar ba ya neman ƙuri'a, ba shi da 'yan gaban goshi, kuma ya riga ya sa ranar da kowa zai mayar. Sarakunan Babila na dā, irin su Hammurabi da Ammisaduƙa, su ma sukan yi shelar yafe basussuka, galibi idan sun hau gadon sarauta. Amma wannan sai sarki ya ga dama. Jubili an ɗaure shi ne da lissafin shekaru, yadda ko bawa zai iya ƙirga ranar fitarsa da yatsunsa.

Akwai wani togaciya da mutumin Zariya zai fahimta nan take. Ayoyi 29 zuwa 31 sun ce gidan da yake cikin birni mai ganuwa, in an sayar, shekara ɗaya tak ake da ita a fanso shi. In ta wuce ya zama na mai saye har abada, jubili ba ya taɓa shi. Amma gidajen ƙauyukan da ba su da ganuwa, hukuncinsu hukuncin gona ne. Wato a ce gida a cikin Ƙofar Doka ciniki ne kamar kowane ciniki, gonar da take bayan ganuwa kuwa ita ce bakin cin iyali. Daga nan za a gane cewa dokar ba ta zo hana kasuwanci ko raba dukiyar masu arziki daidai wa daida ba. Abin da take karewa shi ne tushen da iyali suke rayuwa a kai, don kada masifar shekara ɗaya, fari ko ciwo ko mutuwar maigida, ta zama gādon jikoki.

Dole kuma a faɗi inda dokar ta tsaya. Ayoyi 44 zuwa 46 sun yarda Isra'ilawa su mallaki bayi daga sauran al'ummai, su bar wa 'ya'yansu su gāda. Jubili bai 'yanta waɗannan ba. Masu cinikin bayi na Turai da Amurka sun fake da ayoyin nan shekaru aru-aru, yayin da masu yaƙi da bauta suka riƙe aya 10, wadda aka zana a jikin wata tsohuwar ƙararrawa da ke birnin Filadelfiya. Mu ma a ƙasar Zazzau tarihin rinji da bauta ba nesa yake ba, don sai a 1936 doka ta kawar da bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Zan dawo kan wannan iyaka idan mun iso ga Yesu.

Yafe bashi kansa yana Maimaitawar Shari'a sura 15 ne, inda aka ce a yi shi duk ƙarshen shekara 7. A can ne aka amsa tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi, wato in haka ne wa zai ƙara ba da rance? Aya 9 ta hango mutumin da zai ga shekarar yafewa ta kusa ya hana ɗan'uwansa, ta kira wannan mugun tunani. Duk da haka abin ya faru. Dab da zamanin Yesu, babban malamin Yahudawa Hillel ya ga masu kuɗi sun daina ba da rance, sai ya ƙirƙiro wata takarda da take mai da bashin hannun kotu don a iya karɓarsa ko bayan shekara ta 7. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka dokar mai sauƙi ce. Tana da tsada, kuma wanda yake da shi ne yake biya.

Shin Isra'ila ta taɓa kiyaye jubili? Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin an busa ƙahon an mayar da gonaki. An ambace shi a Littafin Ƙidaya 36 kan gādon 'ya'yan Zelofehad mata, Ezekiyel 46 ma ya yi maganar shekarar 'yanci, amma abin da muke da shi da yawa labarin saɓawa ne. Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin da ya gāda, Yezebel ta sa aka jefe shi. Ishaya 5 ya yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har su rage su kaɗai a ƙasa. Mafi ɗaci shi ne Irmiya 34. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sarki Zadakiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali suka saki bayinsu Ibraniyawa. Da rundunar ta janye na ɗan lokaci, sai suka bi mutanen nan suka kamo su. Ba a daɗe ba birnin ya faɗi, kuma 2 Tarihi 36 ya ce ƙasar ta yi shekara 70 a kango tana rama hutun da aka hana ta.

Inda aka ga abin ya yi aiki shi ne Nehemiya 5. Ana cikin ginin ganuwar Urushalima, sai kuka ya tashi daga talakawa da matansu. Wasu sun jinginar da gonaki don su sami hatsi lokacin yunwa, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, wasu har an riga an kai 'yan matansu bauta. Nehemiya bai ce a jira shekara ta 50 ba. Ya tara manya a bainar jama'a, ya faɗa cewa shi ma da 'yan'uwansa sun ba da rance, ya ce a mayar da gonakin a ranar. Sannan ya kira firistoci ya sa manyan suka rantse, don ya san alkawarin da aka yi a cikin taro yakan narke idan an koma gida.

Da wannan tarihin a baya ne Yesu ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar, kamar yadda Luka 4 ya nuna. Aka miƙa masa littafin Ishaya, ya karanta sura 61, maganar bishara ga matalauta, da sakin ɗaurarru, da buɗe idon makafi, da 'yanta waɗanda aka danne, da shelar shekarar alherin Ubangiji. Ya naɗe littafin, ya zauna, ya ce yau Nassin nan ya cika a kunnuwansu. Da fari sun ji daɗi. Abin da ya tunzura su shi ne da ya tuna musu cewa a zamanin Iliya wurin wata gwauruwa ta Zarefat aka aiki annabin, a zamanin Elisha kuma Na'aman mutumin Suriya aka warkar. Suka kai shi bakin dutse za su jefa shi. Kun ga iyakar nan ta Firistoci 25 da ta bar baƙo a waje? A nan Yesu ya ture ta. Ga mu da muke zaune da Musulmi ƙofa da ƙofa, a Tudun Wada da Muciya da ƙauyukan Soba da Makarfi, ma'anar a fili take. Idan gonar maƙwabcinka Musulmi ce take hannunka a jingina, dokar ta same ka kamar yadda za ta same ka in ta ɗan ikilisiyarku ce. Su ma a Suratul Baƙara aya ta 280 an umarce su su jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, in sun yafe kuwa ya fi musu alheri, don haka maganar ba baƙuwa ba ce a kunnen kowa a garin nan.

Wasu za su ce 'yancin da Yesu ya kawo na ruhu ne, daga zunubi. Haka ne, kuma shi ne gindin komai. Amma duba yadda shi kansa ya haɗa biyun a Matiyu 18. Bawa yana da bashin talanti 10,000, sarki ya yafe masa. Dinari ɗaya shi ne ladan yinin ɗan ƙodago, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000 ne, wato bashin da ba mai iya biya ko da zai yi rai dubu. Bawan ya fita ya tarar da wanda yake bi dinari 100, ya shaƙe wuyansa ya kai shi kurkuku. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya kuma yi alkawarin rama ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, sannan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan. A Ayyukan Manzanni 4 Barnaba ya sayar da gona ya kawo kuɗin, har aka ce ba wani mai rashi a cikinsu. Ba dole aka yi musu ba, Bitrus ma ya faɗa wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani ɓangare na kuɗin, cewa gonarsa tasa ce kafin ya sayar. Gafarar da suka karɓa ce ta bi ta kan aljihunsu.

Ikilisiya a tarihi ta ɗauki jubili ta fuskoki biyu. Paparoma Boniface na 8 ya kafa shekara mai tsarki a 1300, daga baya aka tsayar da ita duk shekara 25, ta baya-bayan nan ita ce ta 2025 da Paparoma Francis ya buɗe ranar 24 ga Disamba 2024. Wannan ya fi karkata ga tuba da ziyarar ibada. Ɗaya fuskar ita ce gangamin Jubili 2000, wanda majami'u suka jagoranta don a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. A watan Mayun 1998 mutane wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham na Ingila lokacin taron shugabannin ƙasashe masu arziki. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya kimanin dala biliyan 18 daga cikin kusan 30, ƙasar ta biya sauran wajen 12. Yau ga mu cikin sabon bashi, abin da yake nuna dalilin da ya sa Firistoci ya sa jubili ya riƙa dawowa.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi zafi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar biyan buƙata rai ba a bakin komai yake ba. A shekarun nan iyalai da yawa a yankin Giwa da Birnin Gwari da kewaye sun rabu da gonakin gādo don tara kuɗin fansar wanda aka sace. Wasu asibiti ne ya cinye tasu. A gefen Zariya, wajen Shika da Basawa da Dakace, gonaki suna komawa fulotai. Tambayar da Kirista mai ɗan hali zai yi wa kansa ita ce ta wace hanya filin nan ya shigo hannuna? Ciniki ne tsakanin mutum biyu masu zaɓi, ko kuwa na saya ne a rabin kuɗi daga wanda 'yan bindiga suka ba wa'adin kwana uku? Na biyun, ko takarda ta halatta maka, ka buɗe masa ƙofar fansa a kan abin da ka biya.

Jingina ta fi kowanne buƙatar gyara, domin a al'adarmu mai kuɗi yana noma gonar har ranar da aka biya shi, kuma amfanin da ya ci ba ya rage ko kwabo daga bashin. A ce mutum ya karɓi kuɗin da bai wuce na buhu 10 na masara ba, mai kuɗin ya noma gonar shekara 12. Ya ci kuɗinsa ninki nawa? Lissafin Firistoci 25 ya ce a ƙirga kakar da aka ci a cire. Da yawa daga cikin gonakin da suke hannun dattawanmu a yau, in aka yi wannan lissafi, mai gonar ne yake bin canji. Haka nan bashin bazara, buhu ɗaya a biya biyu da kaka, shi ne ainihin ribar abinci da aya 37 ta hana.

Sai yaran gida. Yarinya aka kawo daga ƙauye da alkawarin makaranta, ta yi shekara 6 tana raino da wanki, 'ya'yan gida sun gama sakandare ita ko karatun wasiƙa ba ta iya. Yaron shago ya yi wa ubangida bauta da alkawarin sallama, lokaci ya yi sai a ƙaƙaba masa sata. Maimaitawar Shari'a 15 ta ce wanda ya yi maka hidima, in za ka sake shi, kada ya tafi hannu wofi, ka ɗiba masa daga garkenka da masussukarka. A sa wa irin wannan zama wa'adi tun farko, a faɗi abin sallama a gaban iyaye. Makarantun da majami'u suke da su ma su duba albashin malamansu kafin su sayi sabbin kayan kiɗa.

Wannan duka ba lasisi ba ne ga mai cin bashi ya ƙi biya. Zabura 37 ta ce mugu ne yake ranta ya ƙi mayarwa. Wanda ya karɓi jari don kasuwanci ya biya, wanda ya kwashi adashi ya ci gaba da zubi. Jubili ya shafi wanda masifa ta durƙusar, kuma a ikilisiya ba a rasa sanin wane ne wane. Zumuntar Mata ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Shawarata ga dattawan majami'unmu, daga Wusasa zuwa ƙananan ikilisiyoyin karkara, ita ce su bi sawun Nehemiya. Kafin bikin godiya na kaka, a zauna a rubuta gonakin membobi da suke jingina, a hannun wa, tun yaushe, a kan nawa. Inda mai riƙe da gonar ɗan ikilisiya ne, fasto da dattijo biyu su je gidansa da dare, ba a kan bagade ba, su yi lissafin tare da shi. Inda na waje ne, a ware wani kaso na baikon kaka a fanso ko da gona ɗaya ce a shekara, mai gonar ya riƙa mayarwa da hatsi kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, don kuɗin ya zagaya kan wani. Duk gonar da aka mayar kuma a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu daga dangin kowane ɓangare, 'ya'yan wanda ya riƙe gonar su ma su sa hannu, domin rigimar gona ta fi tashi ne bayan mutanen da suka yi maganar sun kwanta dama.